Ɗalibi a teburin shawara: me ake nufi da tafiya da ɗalibai wajen gyaran jami'a?

Daga ƙarshen 2022 zuwa yanzu abubuwa sun yi ta faɗo wa ɗaliban jami'a a jere. A Disamba 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu da ake kira CCMAS, a 2023 bayan cire tallafin mai jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rijista, wasu har ninki biyu ko fiye, sannan a Mayu 2024 aka buɗe fotal ɗin bashin karatu na NELFUND. Duk ukun nan kan ɗalibi suke sauka kai tsaye, amma yawancin ɗalibai a guruf ɗin WhatsApp na aji suka fara ganin labarinsu, bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe. To a irin wannan yanayin ne ake ta jin maganar wai a riƙa tafiya da ɗalibai a matsayin abokan aiki wajen gyara koyarwa da hidimomin jami'a, kuma maganar ta ɗaure wa mutane kai. Uban da ya sayar da buhunan masara a Kumo ko Dass ya biya rijista tambaya yake, yaron da na tura ya koyo shi ne kuma zai koma yana ba furofesa shawara? Malami yana ganin kamar so ake a ɗora masa ɗalibinsa a ka. Shi kuma ɗalibin da ke karatu a jami'o'in Bauchi da Gombe, a Yelwa ko Gubi ko Gadau ko Kashere ko Tudun Wadan Gombe, cewa yake ai wannan SUG ce dai, wato ƙungiyar ɗaliban makaranta, aka sake wa suna.

Abin hawa-hawa ne

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya. A ɗauki misalin jami'a mai mazauni biyu, ɗaya a gari ɗaya a bayan gari, irin yadda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ATBU, take da Yelwa da Gubi, a ce ana so a sake tsarin motocin da ke jigilar ɗalibai. In hukuma ta gama tsarinta ta manna takarda a allo, wannan sanarwa ce. In ta raba fom ta ce kowa ya faɗi ra'ayinsa sannan ta shiga ofis ta yanke abin da ta ga dama, an ji ra'ayi kenan, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. In akwai kwamitin sufuri kuma an ba shugaban SUG ko sakataren walwala kujera a ciki, an zo matakin wakilci. Abin da masu wannan magana suke nufi da tafiya tare ya wuce nan, shi ne tun daga farko a zauna da ɗalibai a gano matsalar, su ne ma za su tsaya a tasha su ƙirga mutum nawa ke layi ƙarfe bakwai na safe da mutum nawa ke rasa lakcar ƙarfe takwas, a buɗe musu lissafin man da mota ke sha, a tsara jadawalin tare, bayan samista ɗaya a sake zama a ga ya yi ko bai yi ba, kuma in ya lalace su ma da nasu kason na laifi.

Haka yake a ɓangaren karatu. Ɗalibai na iya shiga wajen duba abin da ke cikin kos, da yadda ake jera gwaji da aikin gida kar su taru wa mutum a sati ɗaya, da bincike tare da malami, da 'yan ajin sama su riƙa jan hannun sababbin shiga a tsare maimakon totoriyal ɗin da kowa ke yi yadda ya ga dama. Akwai kuma abin da bai shiga ciki ba, kuma faɗin sa zai kwantar wa iyaye da malamai hankali: ɗalibi ba ya saita jarrabawa, ba ya makin takarda, ba shi ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi ba. Malami ya fi shi sanin fannin, wannan ba a ja. Shi kuma ɗalibi ya san abin da malami ba ya gani daga gaban allo, ko murya na kaiwa layin baya a ɗakin da ya ɗauki mutum ɗari biyar, ko famfon hostel ya yi kwana nawa bai kawo ba, ko nawa ake kashewa wajen hoton handawut.

Daga ina aka samo shi?

Abin ba sabo ba ne. Jami'ar Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake kai kafuwarta ga shekarar 1088, ƙungiyoyin ɗalibai ne suka riƙa tafiyar da ita a farkon zamaninta, su ke ɗaukar malamai su biya su har su ci tararsu in sun saɓa ƙa'ida. A tsofaffin jami'o'in yankin Sikotlan kamar ta Gilasgo har yau ɗalibai ne ke zaɓar rekta, wanda ke zama a majalisar ƙoli ta jami'ar.

Sigar da ake yayi yanzu kuwa ta fi ƙarfi ne daga Birtaniya. A 2005 suka fara wani jin ra'ayi na ƙasa baki ɗaya da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe duk shekara, kuma ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Da kuɗin makaranta a Ingila ya kai fam 9,000 a 2012 sai aka shiga kallon ɗalibi a matsayin kwastoma, ya biya dole a gamsar da shi. Malamai da yawa ba su yarda da wannan ba, don kwastoma zama yake ya jira a kawo masa kaya, ilimi kuwa sai mai nemansa ya sa hannu. Maganar abokin tafiya ta yi ƙarfi ne a matsayin martani ga wancan tunanin. A nahiyarmu ma akwai misali, dokar ilimin gaba da sakandare ta Afirka ta Kudu ta 1997 ta ba ɗalibai gurbi a majalisar gudanarwar jami'a da kuma sanet, wato majalisar da ke kula da harkar karatu.

A Najeriya ta ƙofar rikici aka shigo

Nan gida dangantakar ɗalibai da hukuma ta ginu ne a kan zanga-zanga, kuma in ka duba za ka ga yawanci abinci ne da kuɗi da masauki suka jawo ta, wato dai hidimomin da ake maganar gyarawa yanzu. A Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe ɗalibi a Jami'ar Ibadan a rikicin da ya faro daga ƙorafin abinci a ɗakin kwanan ɗalibai. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin da ɗalibi ke biya kowace rana ya tayar da zanga-zangar da aka fi sani da Ali Must Go, wato sai Kanar Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilimi ya sauka, an rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta NUNS, daga baya NANS ta maye gurbinta a 1980. A Mayu 1986 aka sake kashe ɗalibai a ABU Zariya. A 1989 gwamnatin Babangida ta yi dokar soja mai lamba 47 da ta ba da damar takura wa ƙungiyoyin ɗalibai ko haramta su.

Wannan tarihin ya bar tabo a ɓangarorin biyu. Hukumomi suka saba kallon ƙungiyar ɗalibai a matsayin wutar da dole a sa wa ido, abu kaɗan a rushe ta a naɗa kwamitin riƙo. Ɗalibai kuma suka koyi darasin cewa ba a jin su sai sun tare get.

Jihar Bauchi ba ta tsira daga irin wannan ba. A Agusta 2019 wata gadar ƙafa ta rufta a mazaunin Gubi bayan ruwan sama mai ƙarfi, ɗalibai suka rasu, aka rufe makaranta. A Disamba 2023 masu ƙwacen waya suka kashe wani ɗalibin ATBU a unguwar da ke kusa da Yelwa, ɗalibai suka fito kan titi, aka sake rufewa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin lura a nan shi ne hanyar da ɗalibi ke bi kullum da unguwar da yake kwana, shi ne mutum na farko da zai san in akwai haɗari a cikinsu, don haka tambayar ita ce ko akwai hanyar da wannan sanin zai isa ofishin da ya dace tun da wuri, a rubuce, kuma wani ya zama dole ya amsa.

Dokar da da yawa ba su san da ita ba

Mutane suna ɗauka wannan magana kwaikwayon Turawa ce kawai, alhali tana cikin dokar Najeriya. Gyaran da aka yi wa dokar jami'o'in tarayya a 2003, wanda ake kira dokar 'yancin cin gashin kan jami'o'i, yana da sashe guda a kan shigar ɗalibai. Ya ce a ba su wakilci a hukumar walwalar ɗalibai da sauran kwamitocin da suka shafi al'amuransu, su shiga cikin aikin tsara manhaja, su shiga cikin auna malamai a ɓangaren koyarwa, sannan a ƙarfafa musu gwiwa su zama masu dogaro da kansu.

Sai dai dokar ta faɗi a yi, ba ta faɗi yadda za a yi ba, ba ta ce mutum nawa ba, ba ta ce ko suna da ƙuri'a ba, kuma ba ta sa hukunci ga jami'ar da ta ƙi ba. Sannan in ka duba jerin mambobin majalisar gudanarwa a dokar, akwai uban majalisa da shugaban jami'a, wato VC, da mataimakansa da wakilin ma'aikatar ilimi da waɗanda gwamnati ke naɗawa da wakilan sanet da na taron ma'aikata da na tsofaffin ɗalibai, amma babu ɗalibin da ke karatu yanzu. A wannan majalisar kuwa ake yanke maganar kuɗi da kwangila. Wani abin kuma, dokar ta jami'o'in tarayya ce, irin su ATBU da Jami'ar Tarayya ta Kashere da ta kimiyyar lafiya da ke Azare. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau kowacce tana tafiya ne da dokar da majalisar jiharta ta yi mata, don haka mai son sanin haƙƙin ɗalibi a can sai ya nemi waccan dokar da littafin ƙa'idojin ɗalibai na makarantar.

Abin da kowane ɓangare ke faɗa

Hujjar masu gudanar da jami'a ba ta banza ba ce. Suna cewa yawancin matsalolin ba na rashin sani ba ne, na rashin kuɗi ne, VC ya san hostel ya yi kaɗan ba sai an gaya masa ba. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya riga ya nuna cewa gadajen kwanan da ake da su ba su wuce su ɗauki kamar ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Ga kuɗin wuta da ya yi tsalle a Afrilu 2024 ga waɗanda ke layin Band A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa, ga dizal, ga kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da ke zuwa da ƙa'idojin abin da za a kashe shi a kai. To in ka tara ɗalibai ka ji kukansu alhali ba ka da abin share musu hawaye, ba ƙara tunzura su ka yi ba? Suna kuma cewa ɗalibi baƙo ne mai wucewa, shugaban SUG shekara ɗaya yake yi, kafin ya fahimci yadda kasafi ke tafiya ya sauka, wani ya zo a sake daga farko. Sannan akwai maganganun da ba a so su fita, kamar shari'ar ladabtarwa ko sirrin wani ma'aikaci, kuma a zamanin waya abin da aka faɗa a mitin ƙarfe goma kafin azahar yana Facebook.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa rashin kuɗin ma shi ne babban dalilin zama tare, don in abin hannu kaɗan ne to zaɓin inda za a fara sa shi ya fi muhimmanci, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukuma na iya ganin fenti da sabon get ne gaba, ɗalibai kuma su ce a gyara rijiyar burtsatse a sa fitila mai sola a hanyar laburare. Ɗalibin da aka nuna wa takardar kuɗin wuta ta wata guda zai fi fahimtar dalilin ƙarin rijista a kan wanda ya tashi ya ga sabon adadi a fotal, ko da bai yarda ba zai san da me yake jayayya. Sun kuma ce a auna asarar da ake yi in an rufe makaranta sati uku ko wata guda, ga kuɗin ɓarna da akan raba wa kowa har wanda bai fito ba, ga iyaye su zo sa hannu a takardar alkawari.

Malamai kuma sun rabu. Wasu suna kallon abin ta fuskar tarbiyya, a wurinmu malami uba ne, ɗalibi ba ya gyara wa malaminsa zama. Wannan gaskiya ne game da al'adarmu, amma al'adar tana da wani gefen da ake mantawa, a karatun zaure ɗalibi ne ke ɗauko littafinsa ya je wurin malamin da ya gamsu da shi, in ya ga wani ya fi ƙwarewa a wani fanni ya je can, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin ladabi. Wasu malaman kuma damuwarsu ta aiki ce zalla, mutum ɗaya yana koyar da ɗaruruwa yana makin takardunsu yana duba furojet, ga albashin da bai kai ƙarshen wata, ga ƙwaƙwalwar yajin aikin wata takwas na 2022 da albashin da aka riƙe, sai kuma a ƙara masa zaman kwamiti da ɗalibai?

Inda gizo ke saƙa: auna malami

Duk cikin abubuwan nan babu mai zafi kamar ɗalibai su ba malami maki a kan koyarwarsa. Jami'o'i da yawa suna da sashen tabbatar da inganci da ke raba fom a ƙarshen samista, a takarda ko a fotal. Matsalar farko tsoro ne. Malamin da za ka auna shi ne zai yi makin takardarka, kuma kowane ɗalibi ya ji labarin wanda ya yi magana ya kwashi kari-oba, ko labarin gaskiya ne ko ba gaskiya ba tsoron dai yana nan, musamman ga ɗan ajin ƙarshe da furojet ɗinsa ke hannun sufabaiza. In kilas-ref, wato wakilin aji, shi ne ya raba fom ɗin malami yana tsaye a bakin ƙofa, ko a fotal da mutum ya shiga da lambar rijistarsa ba a tabbatar masa sunansa ba zai bayyana ba, kowa zai danna madalla ne ya wuce, sai a tara takardu jibgi da ba su faɗi komai ba.

Matsala ta biyu ta ɓangaren malami ce, kuma ita ma gaskiya ce. Bincike da dama da aka yi a ƙasashen waje ya nuna irin wannan makin yakan karkata, malami mai sauƙin maki ya samu yabo, mai kos mai wuya ya sha ƙasa, mata malamai kuma sau da yawa a rage musu. A wurinmu sai ka ƙara da bambancin addini da ƙabila da yare, waɗanda a gari mai gauraye kamar Bauchi ko Gombe ba abin wasa ba ne. In aka ɗaura ƙarin girma kacokan a kan wannan makin, wasu za su sassauta karatu don a so su, ɗalibin ne kuma zai kwana ciki.

Abin da ya fi aiki a inda aka gwada shi ne a tambayi ɗalibi abin da ya gani da idonsa maimakon a tambaye shi ko malami ya iya. Lakca nawa aka yi cikin samista? An ba da jadawalin kos a satin farko? An dawo da takardar gwaji kafin jarrabawa? An tilasta sayen littafi ko handawut? Waɗannan amsarsu e ce ko a'a, kuma ana iya bincika su. Sannan wani ofis daban ya karɓa ba dipatmen ba, kar a ba malami sakamakon sai bayan ya miƙa makin jarrabawa, a haɗa da ra'ayin 'yan uwansa malamai da suka shiga ajinsa. Wasu kwalejojin Amurka ma suna haɗa malami da ɗalibin da ba ya ɗaukar kos ɗinsa, ya zauna a aji ya lura, su tattauna su biyu duk sati, tunda babu maki tsakaninsu babu tsoro. Ita kuwa maganar cin zarafin ɗalibai mata ba ta fom ɗin ƙarshen samista ba ce sam, tana buƙatar tata hanyar ta sirri da mutanen da ba sa ƙarƙashin wanda ake ƙara.

Irin wannan tsoron yana bayyana lokacin da tawagar NUC ta zo tantance kwasa-kwasai. Sukan gana da ɗalibai, amma ɗalibi ya san in kos ɗinsa ya faɗi tantancewa shi ne zai fara shan wahala, don haka ko da akwai zargin da aka daɗe ana yi na aro kayan aiki da malamai don ranar, da wuya ya buɗe baki.

Wa ke wakiltar wa?

Ko da hukuma ta buɗe ƙofa, sai an duba wanda ya shiga. Ɗalibai da kansu suna ƙorafin cewa siyasar waje ta shige ƙungiyoyinsu, NANS ta sha rabuwa gida-gida, kuma wasu shugabannin idonsu na kan muƙamin mataimaki na musamman a gidan gwamnati tun kafin su gama. A ɗaya gefen akwai wakilin da hukuma ta zaɓo da kanta don ta san ba zai yi musu ba, ɗan amshin Shata kenan, yana zaune a mitin amma ba a ba shi takardun ba sai da ya shigo ɗakin.

Sannan waɗanda matsala ta fi ci su ne ba sa takara. Matar aure mai goyo da ke neman inda za ta ajiye jariri lokacin lakca, mai keken guragu da aka sa wa aji a bene, makaho, ɗan DE, wato wanda ya shigo aji biyu kai tsaye bai san kowa ba, 'yan karatun ƙarshen mako, ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye Turancinsa bai zauna ba yana jin nauyin magana a gaban furofesoshi. Shi ya sa masu nazarin abin suke ganin kar a tsaya a SUG kaɗai. Akwai kilas-ref da ƙungiyoyin dipatmen waɗanda su suka fi kusa da aji, akwai ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da Kirista, MSSN da FCS, da ke da jama'a da tsari, akwai ƙungiyoyin ɗaliban jihohin Bauchi da Gombe, NUBASS da GOSSA, da suka saba bin maganar sikolashif a jihohin biyu. Haɗarin dai shi ne kar wakilci ya koma rabon kujera tsakanin addini da addini ko ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma, a manta da famfon da ya kawo zaman.

Yadda zai taɓa mutanen gari

Ga iyaye, wurin da za su fara gani a aljihu ne. Takardar rijista cike take da ƙananan kuɗaɗe, na asibiti da inshorar lafiya ta TISHIP, na wasanni, na laburare, na intanet, na jarrabawa. In ɗalibai suna cikin kwamitin da ke ganin nawa aka tara a kowanne da abin da aka yi da shi, zai yi wuya a biya kuɗin asibiti sannan a rubuta wa yaro fanadol ya je kemis ya saya. Haka maganar NELFUND, tsarin shi ne kuɗin makaranta ya tafi asusun jami'a kai tsaye, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 a wata na kashewa, kuma a 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasar cewa wasu makarantu ba sa sanar da ɗalibai kuɗinsu ya shigo ko suna jan ƙafa wajen mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kansu. Wannan bashi ne da sunan ɗalibi, shi zai fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, don haka zaman da ofishin kuɗi zai yi da wakilan ɗalibai a fito da jerin sunaye a fili ba alfarma ba ce.

Tunda mafi yawan ɗalibai a waje suke zama, unguwanni irin Gwallameji da Yelwa da Sabon Kaura a Bauchi ko cikin garin Kashere su ma abin ya shafe su. Masu gidajen haya da 'yan keke da masu masa da shayi da masu shagon hoto da POS duk da ɗalibai suke ci, ranar da aka rufe makaranta kasuwarsu ta mutu. Kwamitin da ya haɗa jami'a da ɗalibai da mai unguwa da 'yan sintiri da 'yan sanda zai iya taɓa maganar tsaro da kuɗin haya, amma wasu masu gidajen ba za su so ba, don abin da zai biyo baya shi ne a fara tambayar me ya sa ɗaki babu ruwa babu ƙofar kirki ake karɓar kuɗin shekara cif.

A ɓangaren karatu kuwa dama tana cikin CCMAS ɗin nan. NUC ta tsara kashi 70 cikin 100 na kowane kos, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A nan akwai noman rani a Dadin Kowa, akwai siminti a Ashaka, akwai Yankari, akwai man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a Nuwamba 2022 a iyakar jihohin biyu. Ɗalibin da ya dawo daga SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, ya san manhajar kwamfutar da aka tambaye shi a wurin aiki bai taɓa gani ba, wanda ya gama shekara biyu da suka wuce ya san kos ɗin da ya amfane shi da wanda aka yi don cike gurbi. Jin ta bakinsu kafin sanet ta amince da kashi 30 ɗin bai buƙatar kwangila ko kuɗin TETFund, shugaban dipatmen ne zai kira zama ya rubuta abin da aka faɗa, daga baya ya dawo ya ce wannan mun ɗauka, wannan ba mu ɗauka ba ga dalili.

Akwai kuma tsadar da ke kan ɗalibin shi kansa, wadda ba a cika lissafawa ba. Zaman kwamiti lokaci yake ci, kuma yawanci ana sa shi ne a lokacin lakca. Ma'aikacin da ke zaune a ciki aikinsa yake yi ana biyansa, wasu kwamitocin har da kuɗin zama, shi kuwa ɗalibi daga aljihunsa zai biya keke ko mota zuwa wurin mitin. Wanda yake ɗinki ko gyaran waya ko jan keke da yamma don ya haɗa kuɗin rijista ba zai iya ba, sai kujerar ta koma ta 'ya'yan masu hali. Wasu jami'o'in waje suna biyan ɗalibi kuɗin awannin da ya yi a irin wannan aikin, wasu suna lissafa masa shi a cikin makin kos. A nan ko kuɗin mota da takardar shaida da sa zaman a lokacin da babu lakca aka fara da su, ɗalibar da ke tasowa daga cikin gari da goyo a baya za ta iya halarta.